Finjalin da Ban Girgiza Ba

Ba zan taɓa mantawa ba, ko da abokaina za su bar ni in manta (kuma ba za su bari ba), da ranar da na tsallake Bahar Maliya takanas don in yi wa yara hidima, na ƙare da tsayar da ɗan mutane a kaina har ƙafafunsa suka yi tsami.

Ƙungiyar matasan masallacin unguwarmu a Zariya ce ta samu tafiya Umra. Wani attajiri ya ɗauki nauyinmu, da sharaɗin idan mun isa Madina mu ware yini guda mu ziyarci 'ya'yan Hausawan da ke aiki a can, mu yi musu wasanni da tatsuniyoyin gida. Yawancinsu a can aka haife su, ba su san Najeriya ba sai a waya. Da aka zo rabon aiki, tun kafin a tambaya na ɗaga hannu. Ni malamin firamare ne, kuma a lokacin ina ji a raina ba a haifi yaron da zai gagare ni ba. Har a cikin jirgi ina yi wa abokina Nasiru lacca a kan halayyar yara, shi kuwa yana ta barcinsa.

Wanda ya karɓe mu shi ne Malam Hamisu, mutumin Funtuwa, direban wani kamfanin dabino. Ya tara yaran maƙwabta a gidansa bayan la'asar. Kafin mu shiga ya ja ni gefe, saboda an gaya masa ni ne gwanin yara (ni na gaya masa).

"Malam, akwai ɗana Usama," ya ce. "Iƙamata, takardar izinin zamana a nan, ta kusa ƙarewa, kafil, wato ubangidan da ya tsaya min, ya ce ba zai sabunta ba. Bayan Sallah za mu koma gida, halas, magana ta ƙare. Da ma yaron yana jin Hausa sarai, da Larabci dai yake amsawa. To tun da na gaya masa maganar tafiya, ko na yi masa Hausa sai ya kau da kai. Ya ce shi ba inda za shi, bai san kowa a can ba. Wallahi abin yana hana ni sukuni."

Na ji tausayinsa ƙwarai, don idonsa har ya kawo ruwa. Amma maimakon in ce Allah ya kawo sauƙi in ja bakina, sai na bugi ƙirji. Na ce, "Malam Hamisu, ka kwantar da hankalinka. Kafin a kira magariba, da kunnenka za ka ji Hausa a bakinsa."

Muka shiga falo muka zauna a kan kafet, yaran suka jeru a jikin bango suna kallonmu. Sai ga Usama ya shigo. Bai fi shekara goma ba, siriri, cikin farar jallabiya, fuskar nan a ɗaure tamau. Yana riƙe da butar gahawa mai dogon baki a hannun hagu, ƙananan finjalai a dama. Ya bi mu ɗaya bayan ɗaya yana zubawa. Da ya iso kaina ya tsiyaya min 'yar kaɗan, ko rabin finjalin ba ta kai ba, ya ce, "Tafaddal," wato bismilla.

Na kurɓe a tashi ɗaya. Ɗaci da ƙamshi suka dake ni, ga shi ban ci komai ba tun safe sai dabino. Na miƙa masa finjalin da murmushin da nake yi wa 'yan aji ɗaya, na ce, "Madalla, Usama!" Ya karɓa, ya sake tsiyayawa, ya miƙo min. Na duba na ga sauran duk an karɓe finjalansu, ni kaɗai aka ƙara wa. Nan fa kaina ya fashe. Na ce a raina, ka ga jinin malanta, yaro ya gane nasa.

Abin da ban sani ba, wanda duk yaran da ke jikin bangon nan suka sani, shi ne al'adar mutanen can. Idan baƙo ya ƙoshi da gahawa, sai ya ɗan girgiza finjalin kafin ya miƙa. In bai girgiza ba, ƙari yake nema. Mai zubawa kuwa ba ya zama, ba ya fita, har sai baƙon ƙarshe ya girgiza. Abokan tafiyata sun ga yadda mai gida ya yi sun kwaikwaya, ni kuwa a lokacin ina can ina bayanin dokokin langa.

Nasiru ya taɓa zuwa Umra, ya san komai. Ya zungure ni ya ce ƙasa-ƙasa, "Kai, in ka ƙoshi ka ɗan…"

"Don Allah rufa min baki," na katse shi. "Ba ka ga yaro ya fara sakin jiki da ni ba? Ba a mayar da hannun kyauta baya."

Nasiru ya dube ni, ya dubi butar, ya gyara zama ya jingina da matashi. (Har gobe na ce mugunta ce, shi ya ce ladabi ne, malami ya ce a yi shiru.)

Haka muka ci gaba. In sha, in miƙa, ya zuba. Ina sha ina yi masa hira: "Usama, ka san rake? Ka taɓa ganin ruwan sama na kwana da yini?" Zubawa kawai yake yi, yana sauya ƙafa. Ni kuma na ɗauki sauya ƙafar nan alamar zumuɗi. Da butar ta ƙare na yi hamdala a ɓoye, sai ya je bakin ƙofa, aka miƙo masa wata cikakkiya daga wajen mahaifiyarsa.

A nan ne na fara neman hanyar tsira. Na ajiye finjalin a kan kafet, ya sunkuya ya ɗauka ya cika. Na riƙe shi a hannu na ƙi miƙawa, ya tsaya ƙiƙam a gabana yana jira, har kunya ta sa na miƙa. In ce ya isa kuwa, ina tsoron kada in tsinke zaren da nake ganin na ƙulla da ƙyar. Malam Hamisu yana zaune yana murza hula a hannu, sai murmushin yaƙe yake yi. Daga baya ya ce min ya so ya yi magana, amma ta yaya mai gida zai ce wa baƙon da ya zo daga Zariya ya daina sha? Shi kunya ta ɗaure shi, ni girman kai ya ɗaure ni, yaro kuma yana tsaye a tsakaninmu da buta.

Yaran bango suka fara ƙus-ƙus da Larabci suna danne dariya. Wasan da aka tara su dominsa ba a fara ba, rana tana ta yin ƙasa. Zufa ta karyo min duk da sanyin na'ura. Zuciyata tana bugawa kamar ana sussuka, bakina kuwa ya ƙi tsayawa, na baro tatsuniyar gizo a tsakiya na faɗa tarihin ganuwar Zazzau. Ga wata buƙatar kuma ta taso, wadda ba a faɗa a gaban yara.

Na ɗaga finjalin zan miƙa, sai na ga hannuna yana rawa. Ba ni na sa shi ba, gahawa ce ta gama aikinta. Finjalin yana kaɗawa kar-kar-kar a tsakanin yatsuna, ina ƙoƙarin riƙe shi da ɗaya hannun.

Usama ya fizge shi kamar wani zai riga shi. Ya juya wajen mahaifinsa, idanunsa a waje, ya ɗaga murya da Hausa tsantsa irin ta Funtuwa:

"Baba, ya girgiza! Wallahi ya girgiza, kowa ya gani! Kada ka ce in ƙara masa!"

Falon ya fashe da dariya. Yara suna birgima a kafet, Nasiru ya kifa kai a matashi yana dukan ƙasa. Usama ya dire butar, ya zube a ƙasa yana matsa ƙaurinsa, ya dube ni ya ce, "Kawu, kai ba ka ƙoshi ne? Tun ɗazu nake jira. Hannuna ya mutu!"

Nasiru, yana share hawaye, ya yi min bayanin girgizawar a gaban kowa. Da ƙasa za ta tsage a lokacin, da na shige na ja ta na rufe. Na buɗe baki zan ba da haƙuri, abin da ya fito shi ne, "Malam Hamisu, ina ne bayi?" Wata sabuwar dariyar ta raka ni har ƙofa.

Da na dawo, na tarar Malam Hamisu bai shiga dariyar ba. Yana zaune yana kallon ɗansa, yana goge ido da gefen hula. Sai a lokacin na tuna alkawarin da na yi masa a waje. Ba a kira magariba ba tukuna.

Muka fita tsakar gida muka yi langa. Da gahawar nan a jikina na yi tsalle da ƙafa ɗaya kamar ɗan akuya, ba yaron da ya iya kama ni, har sai da santsin tayil ya kayar da ni. Usama ne ya zo ya tsaya a kaina. Ya tambaye ni da gaske, rabi Hausa rabi Larabci:

"Kawu, yaani a Najeriya duk haka kuke sha?"

Na ce, "A'a, Usama. Mu shayi muka sani. Yawancinmu ba mu san ana girgizawa ba."

Ya jinjina kai kamar wanda aka gaya wa labarin wata babbar masifa. Ya juya ya ce, "Baba, in za mu tafi, a sa dalla a jakata." (Dalla ita ce butar.) "Mutanen nan sai an koya musu."

In za mu tafi. Malam Hamisu ya kama hannuna ya matse, hannun da har lokacin bai daina rawa ba.

Sun dawo bayan Sallah kamar yadda aka tsara. Ba zan ce komai ya zo masa da sauƙi ba, mahaifinsa ya ce ya sha kuka a watannin farko, ga sauro ga ɗauke wuta. Amma kwanakin baya da na je Funtuwa, na same shi a ƙofar gida da 'yan'uwansa suna langa, yana ihun an yi masa maguɗi da Hausar da ta fi tawa kaifi. Yana ganina ya ruga ciki ya fito da butar nan. Ya tsiyaya min, ya ja da baya, ya ce wa yaran, "Ku zo ku ga Kawun da na ba ku labari."

A ƙungiya har yanzu ina cewa dabara ce na shirya tun daga Zariya, ba wanda ya yarda. Ni dai na koyi darasi. In ka je garin mutane, rage surutu ka kalli hannun mai gida. In kuma aboki ya zungure ka, bari ya ƙarasa maganarsa. Ranar a Funtuwa, tun kafin in kurɓa na girgiza finjalin.