Ranar da Na Kira Na'urar Masu Lambu Jabu

Ko tsufa ya kwashe mini komai a ka, ba zan taɓa mantawa da wata Laraba a Madarumfa ba, ranar da na tsaya gaban mutum kusan arba'in na yi wa bawan Allah ƙazafi, ina sanye da sabuwar riga da gilashin da ba na magani ba.

Lokacin ban daɗe da dawowa daga Yamai ba, na karanto ilimin ordinata, wato kwamfuta, kaina ya fi ƙarfin hulata. Gwaggona, Hajiya Rabi, ita ce shugabar ƙungiyar masu lambu na bakin tafki. Injin ban ruwa ɗaya gare su, lambuna kuwa birjik, saboda haka kullum faɗa ake kan layi: wannan ya ce yau ranarsa ce, wancan ya rantse an tsallake shi. Na ce zan yi musu tsarin da zai riƙa raba layin ruwa, kowa ya duba salularsa ya ga ranarsa. 'Yan kwamiti suka ce a'a, a kira wani gwani daga Maradi. Gwaggo ta kafe ta ce ɗan ƙanenta zai yi. "In bai yi ba," in ji ta, "ku amshi shugabancinku, na yafe." (Mai hankali a nan zai fara jin tsoro. Ni murmushi na yi.)

Sati uku na yi ina aikin a ordinatata. Na ƙunshe shi cikin abin da muke kira kwantena, wato ka haɗa manhaja da duk tarkacen da take buƙata ka ɗaure wuri guda, kamar guzurin matafiyi. A lakwal, wato makaranta, an ce mana kwantena ko'ina ka kai ta tana tashi, ni kuma na haddace ban tambayi sharaɗi ba. Da yake ba zan bar musu ordinatata ba, sai na rubuta a takarda sunan wata 'yar na'ura da ba ta fi tafin hannu ba, wadda batir ɗaya ke isarta. Malam Sani direba, mai jigila tsakanin nan da Katsina, shi aka ba takardar ya sayo. Ya kawo ta ana jibi taro. Na gwada ta? Ina! Na kunna, fitila ta kama, na kwafa kwantenar a ciki, na mayar da ita kwali na tafi wajen tela.

Ranar taro aka shimfiɗa tabarmi a rumfar ƙungiya, aka aro talabijin don kowa ya gani. Na yi jawabi mai tsawo, na cusa Faransanci inda ma Hausa ta isa. Sannan na ce bismillah, na ba kwantena umarnin tashi.

Ta tashi, ta faɗi. Ta sake tashi, ta sake faɗi.

"Ɗumama take," na ce da jama'a, "ku ɗan yi haƙuri." Minti goma tana ɗumama. Sai na ɗora wa rezo laifi, wato layin sadarwa, alhali abin ba ya buƙatar rezo. Na koma kan batir, aka kawo wani. Na ce zafi ne ya yi mata yawa. Wallahi da idona na ga Gwaggo, mace mai daraja da ta je Makka, ta durƙusa tana yi wa na'ura fifita da faifai. Zufa ta jiƙa sabuwar rigar sharkaf, na fara jin ƙus-ƙus daga bayan rumfa, ana ambaton gwanin Maradi.

A nan Shaiɗan ya ba ni shawara, na kuwa karɓa hannu biyu. Na ɗaga na'urar sama na ce, "Jama'a, laifin ba nawa ba ne. Wannan abu jabu ne. Ba shi na ce a sayo ba."

Malam Sani yana gefe yana cin goro. Ya cire hularsa, ya zaro wata takarda da ya ninke a ciki, ya miƙa wa sakataren ƙungiya tare da kwalin. Sakatare ya karanta abin da ke takarda harafi-harafi, ya karanta abin da ke jikin kwali. Ko ɗigo bai bambanta ba. Ya juyo da takardar gare ni ya ce, "Anjiniya, wanga rubutun wa ne?"

Nawa ne. Har da sa hannu, wanda na yi wa wutsiya don ƙawa.

Na so ƙasa ta tsage in shige. Ban iya duban Malam Sani ba, sai na dubi Gwaggo, wannan kuwa ya fi muni: ta ajiye faifan, ta sunkuyar da kai tana murza bakin mayafinta. Shugaban kwamiti ya ce to, an ba ni zuwa la'asar, in abu bai tashi ba za a yi abin da aka yi alkawari.

Mutane suka watse neman inuwa. Baba Illo, tsohon da ke gyara musu injin ban ruwa, ya matso ya tsuguna kusa da ni. "Ɗana, ni ban yi boko ba," in ji shi. "Amma in an kawo mini fiston sabo dal ya ƙi shiga, ba na zagin mai shago. Lambar injin nake fara dubawa. Kai ka duba tata?"

Ban duba ba. Ban ma karanta ƙorafin da na'urar ke rubutawa duk lokacin da ta faɗi ba (ina can ina jawabi). Na buɗe, ga shi layi ɗaya tak, an maimaita shi ya fi sau ɗari: ba ta gane sigar abin da na ba ta ba. Na tambaye ta irin ƙwaƙwalwarta, ta ce arm64. Na duba kwantenata, an gina ta don amd64, irin ta ordinatata. Ƙira biyu ne daban, umarnin da ɗaya ke ji ɗayar ba ta jinsa. Na'urar lafiyarta lau, ni ne na kawo mata fiston ɗin wani inji.

Magani shi ne in sake gina kwantenar daidai da ƙirarta, wannan kuwa sai na sauko da kaya masu nauyi daga intanet, ga rezon rumfa ko gaisuwa ba ya aikawa. Ina tsaye ina zare ido sai na ji ƙarar moto, wato babur, a bayana. Malam Sani ne.

"Hau," ya ce.

Ya kai ni wani tudu ta hanyar Gabi inda layin Najeriya ke kamawa sosai, ya miƙo mini salularsa in jona. Na fara ba shi haƙuri, ya ɗaga hannu. "Yi aikinka tukun. Gaban jama'a ka zage ni, gaban jama'a za ka wanke ni."

Ƙarƙashin wata bishiyar bedi na zauna, ordinata a cinya. Ginin farko ya tsaya a tsakiya, don wani ɓangare da na yi amfani da shi ba a taɓa yin irinsa don wannan ƙira ba. Na cire shi na sa wani. Gini na biyu ya tafi har ƙarshe. Muka dawo a guje, ana alwalar la'asar.

Bayan salla kowa ya zauna. Wannan karon ba jawabi. Na ba da umarni, na rufe ido. Da na buɗe, kwantena na tsaye daram, ga jerin lambuna ya cika talabijin. Wata tsohuwa mai lambun albasa ta sa aka duba mata, aka ce ranarta Alhamis da hantsi. Ta ce shekara biyu ke nan ba ta samu ruwan hantsi ba, ta rangaɗa guɗa, sauran mata suka amsa. Daɗi ya kama ni har na ji ƙwalla. Na miƙe na ce, "Jama'a, Malam Sani kayan gaskiya ya sayo. Jabun da ke wurin nan ɗazu ni ne." Aka bushe da dariya, Malam Sani ya ɓare goro ya ba ni rabi. Shugaban kwamiti ya dubi Gwaggo ya ce, "Hajiya, riƙe kujerarki."

A hanyar gida Gwaggo ba ta yaba mini ba. Sai da muka kai ƙofa ta ce, "Na'urar da ta ƙi tashi ba ta ba ni kunya ba, ɗana. Bakinka ne ya ba ni. Amma ka gyara su duka biyu, Allah ya yi maka albarka."

Tun ranar, in abu ya ƙi tashi a hannuna, ba na saurin neman mai laifi a Katsina. Shiru nake yi in karanta abin da na'ura ta rubuta tukuna, don sau da yawa mai laifin yana nan kusa, sanye da rigata.