Wa Zai Shiga Aji Ƙarfe Bakwai da Rabi?

Saura minti ashirin shugabar makaranta ta sa hannu a sabon jadawalin darussa, in ta sa kuwa, babu gyara sai wani zangon. Bana ƙirƙirarriyar basira ce ta tsara shi, a kwamfutar mataimakin shugaba, mai koyar da tarihi. Yana zaune yana kaɗa ƙafa, sai ga malamar lissafi, 'yar kawunsa, ta banko ƙofa da takarda a hannu.

"Lafiya lau, ya Gwaggo? Riƙe sauran gaisuwar, Mai Sanƙo. Mene ne wannan?"

"Ah, Uwar Barci! Jadawali ne, ko shi ma sai an karanta miki?"

"Darasin farko, ƙarfe bakwai da rabi, Litinin har Juma'a, duk ni! Ka san kullum da safe nake kai Baba asibiti gashin ƙashi. Wa zai kai shi?"

"Ni na ba ki? Na'ura ce, ba ta san sani ba, ba ta san sabo ba."

"Ruwa ba ya tsami banza. Juyo da ita in gani."

Ya rufe fuskar kwamfutar da tafi, ta doke hannun. Ashe an rubuta wa na'urar uzurin kowane malami: wannan tana shayarwa, wancan gidansa da nisa. A ƙarƙashin sunanta kuwa: "Ita ke tashin zakara. Ba ta ƙaunar barci."

"Wallahi wasa nake! Na zaci za ta gane."

"Ita ma 'yar kawunka ce da za ta gane? Dubi sanƙonka, a nan ne rana ta dafa maka ƙwaƙwalwa!"

"Sanƙon ilimi ne, baiwata."

"Baiwar wa? Ni da na goya ka har ka jiƙa mini zane?"

"Wata uku kika ba ni, yaushe kika yi goyon?"

Ta dubi agogo, ta leƙa baranda, ta dawo ta tsaya masa a ka.

"Saura minti bakwai. Goge, ko in kira Gwaggo yanzu."

"Jadawalin malamai talatin za ki girgiza!"

Ta ɗaga waya. Nan da nan ya goge, ya rubuta gaskiya, yana gumi. Na'ura ta yi 'yan juye-juyenta, ta fito da sabo. Malama ta duƙa ta karanta, sai ta dafe tebur tana dariya.

"Karanta da kanka, bawana!"

Darasin farko duk ya koma tarihi. Har da dalili a ƙasa: shi kaɗai ne bai rubuta uzuri ba, gidansa kuma bayan katangar makaranta yake.

"Kai, wannan na'ura danginku ce!"

"Tsuntsun da ya ja ruwa..."

"Ya isa, na ji." Ya shafa sanƙo yana dariya, ya buga sabon jadawalin a takarda, ya miƙa mata. "Ruga ki kai a sa hannu. Ki ce wa Kawu ya warke da wuri, don ya ceci ɗan ƙanwarsa."