Ranar da Saniya Ta Tona Mini Asiri

Ba zan taɓa mantawa ba da safiyar da na tsuguna a gindin saniya, a wata ruga kusa da Aujara, kyamara tana kallona.

Ni da Sa'adu tare muka taso a Limawa, tare muke wasan kwaikwayo a makaranta, kuma (Allah na gani) ni aka fi tafa wa. Shi ya samu karatu a waje ya zarce. Yau ka gan shi a fim ɗin Turawa, gobe a na Larabawa, har ya fara shirya nasa. Ni kuwa ina sakatariya a Dutse ina buga hatimi, ina kallonsa a waya, ina ce wa abokan aiki, "Da na tafi, da ni ne nan." Ina kewarsa, amma na fi kewar mutumin da na so in zama.

Da ya dawo ɗaukar fim a kan makiyaya, ya rungume ni ya ce, "Akwai fitowa ɗaya, makiyayi yana tatsa. Ka iya?"

"Haba Sa'adu! Ni da kakana ya bar garke guda?" (Rabona da saniya, sai dai a cikin miya.)

Kwana uku ina gyara fuska a madubi, ina hango kaina a allon sinimar garuruwan da ban taɓa takawa ba.

Aka ce a fara. Na saka ƙwarya, na kama nono na ja. Ko ɗigo. Na ƙara ƙarfi. Saniyar ta waiwayo ta dube ni, sannan ta kai mini harbi. Ƙwarya ta yi gabas, ni na yi zaman dirshan a cikin kashin shanu mai ɗumi. Baturiyar da ke riƙe da kyamara ta juya baya, kafaɗunta na rawa.

Inna, tsohuwa mai shanun, ta riƙe baki. "Ɗan nan, ba ka saki maraƙi ya fara tsotsa ba, ba ka ɗaure mata ƙafa ba. Wai jikan wa ka ce?"

Sa'adu bai yi dariya ba. Sai a lokacin na tuna, muna yara a rugar kakanninsa yake yin hutu. Ya cire agogo, ya kwance maraƙin ya tsotsa, ya janye shi, ya ɗaure ƙafar uwar yana yi mata magana a hankali da Fillanci. Sai ga nono yana ƙara a ƙwarya.

"Duk ƙasar da na je," in ji shi, bai ɗago ba, "in kewar gida ta kama ni, wannan ƙarar nake tunawa."

Shi ya yi fitowar. Ni ma dai na fito: ƙeyata ce can baya, ina riƙe da igiyar maraƙi. An ce an nuna fim ɗin a ƙasashe da dama, wato ƙeyata ta riga ni fita waje.

Yanzu duk Asabar ina rugar Inna ina koyon tatsa. Shekara da shekaru ina cewa Sa'adu ne ya bar gida. Ashe ni da ban je ko'ina ba, ni ne saniya ba ta gane ba.