Wainar Sunan Gidan Hajiya Indo

Akwai Larabar da ba zan taɓa mantawa da ita ba, duk da na sha roƙon Allah ya mantar da ni. Har yau in ta faɗo mini ina cikin wanke-wanke sai in ji kunnuwana sun ɗau zafi, in tsaya da soso a hannu ina cewa "wayyo ni" ni kaɗai. Bari dai in ba ku labarin, ko kunyar za ta ragu.

A ikilisiyarmu, nan Tudun Wada, makon farko na sabuwar shekara makon azumi ne. Daga wayewar gari ba ci ba sha sai shida na yamma. Mu matan Zumunta, ƙungiyar matan ikilisiya, kuma muna da tamu al'adar: kullum da yamma mu taru a gidan mace ɗaya, mu yi waƙa, mu yi addu'a, mu sha ruwa tare. A shekarar ni ce mai jagorar addu'a. (Ba kowa ake ba wa ba, kuma na tabbatar kowa ya san haka.) Malamar firamare ce ni, na saba in yi magana a yi shiru, sai na kwaso halin aji na shigo da shi Zumunta. Ina da murya, ina kuma da ƙwaƙwalwar riƙe laifin mutane, a lokacin duka biyun baiwa nake kiransu.

Ran Litinin da tsakar rana na biya shagon Saratu karɓar ɗinkina. Saratu tela ce, yarinya mai shiru-shiru, aure ne ya kawo ta Zariya, ba ta daɗe da shiga Zumunta ba, ba ta da kowa a garin sai mu. Na ɗaga labule ban yi sallama ba, sai na same ta tsugune bayan keke da kofin koko da guntun burodi. Tana ganina ta ƙware. Ta buɗe baki za ta yi bayani, na ɗaga mata hannu, na karɓi kayana na fita. A hanya, gaskiya zan faɗa, daɗi nake ji. Ban san me ya sa ba, amma kama wani da laifi yana sa mutum ya ji azuminsa ya ƙara nauyi.

Da yamma muka taru a gidan Mama Ladi. Aka ce in yi addu'a. Na rufe ido, na ɗaga murya, na roƙa wa ƙasa zaman lafiya, na roƙa wa marasa lafiya sauƙi, sannan na karya kwana. "Ya Ubangiji," na ce, "ka ji tausayin waɗanda cikinsu ya fi ƙarfin ruhunsu, masu ɓuya bayan keken ɗinki suna zaton ba ka gani." Tela ɗaya ce a Zumuntar tamu. Ko amin ɗin da aka amsa a ranar a raunane ya fito.

Talata Saratu ba ta zo ba. Bayan an watse, matar Fasto, wadda muke kira Mama Fasto, ta ja ni gefe. Tsohuwa ce mai magana a hankali, ba ta taɓa ɗaga wa kowa murya ba.

"Malama, na je wurin yarinyar nan," ta ce. "Gyambon ciki gare ta, likita ya hana ta zama da yunwa. Kunyar faɗi ta ji. Yanzu ta ce ita da Zumunta har abada, ko sujadar Lahadi ba za ta iya haɗa ido da mutane ba. Da ƙyar na shawo kanta za ta zo gobe. Gobe kuma a gidanki ne. Ki ba ta haƙuri."

Na ce, "Mama, ni fa ban kama sunan kowa ba. Da Allah nake magana."

Ta dube ni ta ce, "To."

Larabar kuwa ta zo daidai da suna a gidan maƙwabciyata, Hajiya Indo. Katanga ɗaya ce tsakaninmu. Tun ina amarya take riƙe da ni kamar 'yarta. Ita ta yi mini wankan jego, da Sallah namanmu daban, da Kirsimeti shinkafarta daban. Mace ce mai ibada, azumin Litinin da Alhamis ba ya wuce ta. 'Yarta ce ta haihu, kuma a layinmu in ana hidima ba a tambayar addinin wadda za ta zauna bakin tanda. Da sassafe na ɗaura zanen aiki na shiga, aka ba ni suyar waina.

Ku da kuka taɓa zama gaban tanda da azumi a baki kun san abin da nake nufi. Ƙullun ya tashi yadda ake so, gefen wainar na yin ja, ga miyar taushe tana tafasa kusa da gwiwata. Na daure har hantsi. Sai Hajiya ta zo da ludayi.

"Malama, taɓa mini miyar nan ki ji gishiri. Harshena ya mutu da mura."

Kalma biyu ce za ta cece ni: ina azumi. Hajiya ta fi kowa girmama azumi, da ta ji da ta janye ludayin da sauri. Amma sai na tuna an koya mana kada mai azumi ya yi ta shelar azuminsa. (Tun da nake ban taɓa aiki da koyarwar nan ba sai ranar.) Na ce a raina ɗanɗano ai ba ci ba ne, taimako ne. Na lasa. Gishiri ya yi daidai, amma don in tabbatar sai na sake.

Can wata waina ta fashe wajen juyawa. Ba za a kai wa baƙi fasasshiya ba, zubar da abinci kuma zunubi ne, kowa ya sani. Na cece ta. Bayanta wata ta ƙone kaɗan, ita ma na cece ta. Hajiya ta hango bakina na motsi, ta ce, "Haba, ke da aiki tun asuba a ce a tsaye za ki ci?" Ta zubo mini faranti guda, ta malala miya, ta sa tsoka a kai. Nan kuma na ga in na ƙi, za a ce Kirista na ƙyamar abincin maƙwabta, sunan ikilisiya ya ɓaci. Saboda sunan ikilisiya na cinye tas. Da ta ce a ƙara, ni da kaina na miƙa farantin, na kora da kunun kanwar mai jego.

Na koma gida da azahar, na wanke baki, na share tsakar gida, na shimfiɗa tabarmi. Zuciyata ta ɗan dame ni, amma na lallashe ta: wa ya gani? Matan gidan suna ba su san muna azumi ba, matan Zumunta ba su san na ci ba. Na ma ƙi shafa man leɓe don bakina ya nuna alamar wahala.

Wajen biyar mata suka cika gidan. Saratu ce ta shigo ƙarshe, ta zauna can bakin ƙofa kusa da takalma, kanta a sunkuye. Aka yi waƙa, aka buga tulun kiɗa. Mama Fasto ta ce, "Ko akwai mai magana a zuciyarta kafin mu yi addu'a?" Ni take kallo. Na san abin da take jira, na kuma san abin da ya kamata.

Sai Mama Ladi ta shaƙi iska, don ƙamshin gidan suna har lokacin yana tsallako katanga, ta ce, "Kai, Malama, an ce ke kika yi suyar nan. Yaya kika yi da ranki?"

Da na yi murmushi na yi shiru, da an wuce wurin. Amma ina! Na miƙe tsaye, na gyara ɗaurin zane, na ce ina da shaida.

"Yabo ga Ubangiji!" Suka amsa. Na ce tun asuba ina bakin tanda, Shaiɗan ya zo mini ta hanci, ya zo ta ido, amma ko yatsana ban lasa ba. Mata suka yi ta tafi. Daɗin tafin ya kwashe ni, na ƙara da cewa, "Jiki bawa ne, 'yan'uwa. In mutum ya so, zai iya. Uzuri ne dai ba ya ƙarewa." Ban dubi bakin ƙofa ba, amma kowa ya san inda maganar ta nufa. Na ɗaga hannuwa sama zan ja waƙa ke nan, sai muka ji sallama.

Hajiya Indo ce, da lulluɓinta, rungume da babbar kular abinci. Ba aike ta yi ba, da ƙafarta ta zo, ta bar baƙi a gida. Fuskarta kamar wadda aka yi wa rasuwa.

"Bayin Allah, ku yi haƙuri na katse muku ibada," ta ce. "Wallahi tun la'asar hankalina bai kwanta ba. Malam maigidan nan ya shigo yi wa maza barka, aka kai masa abinci, ya ce ai su duk gidan azumi suke. Na ce innalillahi, na shiga uku! Malama, don me ba ki faɗa mini ba?"

Hannuwana na sama har lokacin. Na rasa yadda ake sauke su.

Ta juya wurin matan. "Ni na sa ta taɓa miya. Ni na cika mata faranti, na ƙara mata, har kunu na ba ta. Ita kuma baiwar Allah, don kara, ba ta iya ce mini a'a ba. Na karya wa mutum azumi da hannuna, a gidana!" Ta nemi wadda ta fi manyanta, ta durƙusa kusa da Mama Fasto. "Ke ce babba, ki faɗa mini, ku a wurinku yaya ake yi? Ramuwa ce ko ciyarwa? In ciyarwa ce ga shi na fara kawowa. Alhakin nan a wuyana yake, kada ku ga laifinta."

Mama Ladi ta cusa bakin gyale a baki, kafaɗunta na rawa. Ni kuwa gumi ya jiƙa mini baya, na dinga addu'a ƙasa ta tsage, ƙasar kuma siminti ce, maigida bai daɗe da gyara ta ba.

Abin da ya fi ƙona ni shi ne Hajiya ta buɗe mini ƙofar gudu. Kara. In na ce e, kara ce, da na tsira da rabin mutuncina. Har na fara haɗa maganar a baki. Sai na ga hawaye a idon tsohuwar nan, tana neman gafarar laifin da ba ta yi ba, tana ɗaukar nawa tana ɗora wa kanta. Ni kuma shekaranjiya na ɗauki laifin da babu shi na ɗora wa marar lafiya a gaban jama'a, da sunan addu'a. Na zauna daɓas a tabarma.

"Hajiya, tashi, ba ki da laifi," na ce, murya kamar ba tawa ba. "Ba kara ba ce. Kwaɗayi ne. Tun kafin ki kawo faranti na fara. Ƙarin ma ni na miƙa. Shaidar da na bayar yanzu kuma ƙarya ce daga farko har ƙarshe."

Mama Fasto ta kama hannun Hajiya ta tashe ta. "Ba ramuwa a kanki, Hajiya, ba ciyarwa. Mun gode. Ke dai an aiko ki ne, ba ki sani ba." Hajiya ba ta gane ba, amma ta ga ba a riƙe ta ba, ta yi mana fatan a sha ruwa lafiya ta fita, tana waiwayena da tausayi.

Da rarrafe na ratsa tabarmi har bakin ƙofa, a gaban matan da na saba yi wa gyara, na durƙusa gaban yarinyar da na isa in haifa. Na ce, "Saratu, na ci zarafinki a gaban mutane, a gaban mutane nake roƙonki. Ke magani ya sa ki ci, ni ba abin da ya sa ni. Ki yafe mini, kada ki bar mu saboda ni."

Da ta ɗago, kuka take yi, dariya kuma na neman ƙwace mata.

"Na yafe, Mama," ta ce. "Amma don Allah, in za ki sake yi mini addu'a, ki yi ta a zuci."

Gidan ya fashe da dariya, har da Mama Fasto. Shida ta yi, aka buɗe kular Hajiya, Mama Fasto ta ce Saratu ta sa albarka. A taƙaice ta yi, ba ta kai ƙarar kowa ba. Da faranti ya zagayo kaina, Mama Ladi ta tsallake ni ta ce, "Ke ai tun hantsi kika sha ruwa." Na cancanta.

Daga baya na tambayi Mama Fasto, cikin ɓacin rai, me ya sa Allah bai rufa mini asiri ba, alhali mutane na aikata abin da ya fi cin waina ba a ji. Ta ce, "Da wainar ce damuwarsa, da ya bar ki da cikinki. Yarinyar ce ba ya so ya rasa. Ke ma ba ya so ya rasa ki." Na kwana biyu ina juya maganar. Ni da na ɗauka zunubi abu ne da ake kama wasu da shi a bayan labule, ashe nawa a tsaye yake tsakiyar tabarma, ido rufe, ana amsa masa amin.

Saratu tana nan cikin Zumunta, yanzu ma ita ke jan waƙa. Ni ma ba a ƙwace mini jagorar addu'a ba, ko da yake da an ƙwace da ya fi mini sauƙi. Sai dai yanzu in na miƙe gaban mata na rufe ido, mace ɗaya tak nake kai ƙara wurin Ubangiji, kuma laifinta kan ishe ni har a shafa.