Ranar da Gawar Baba Dogara Ta Ƙi Fitowa Daga Motata

Ba zan taɓa mantawa da jana'izar Baba Dogara ba, ko da yake na yi ƙoƙarin mantawa. Abin ya daɗe yana cina, gara in faɗa.

Direba ne ni a Kafanchan. Ina da tsohuwar jif mai jan ƙafa huɗu, na cire kujerun bayanta, ina ɗauko citta da ita daga ƙauyukan Jaba. Inda bas ba ta shiga da damina, ni ina shiga. Ban yi makaranta ba, amma na san mota. Haka dai nake gaya wa kaina a lokacin.

Daga tayar safaya abin ya faro. Asali a ƙarƙashin motar take zama. Hanyar Nok ta kankare ta sau biyu, a na uku sarƙar ta tsinke, tayar ta faɗi ban sani ba sai da na iso gari. Na ɗora wata a saman rufi, motar ta koma tana rangaji a kwana kamar ta sha burkutu. Na sa ta a ciki, ta cinye wurin buhu biyu. Sai na je wurin Sande mai walda, na ce ya yi mini bamba ta baya mai hannu, irin wadda ake rataya taya a kanta. In za ka buɗe ƙofar baya, sai ka zare sakata, ka tura hannun gefe da tayarsa, sannan ƙofa ta samu hanya.

Sande ya nuna mini wata da ya ciro daga motar da ta yi haɗari. Mara nauyi ce, an riga an gama ta, ɗaurawa kawai. Na ɗaga ta da hannu ɗaya na yar. Na nuna masa wani bututu mai kauri, ragowar aikin rijiyar burtsatse.

"Oga, wannan ya yi nauyi," in ji shi. "Ba tankar yaƙi kake tuƙawa ba."

"Shi nake so."

"To sakatan fa? Bari in bar masa ɗan wuri ya riƙa wasa. Hanyan da kake bi yana murɗa mota."

"Zai yi ƙara?"

"Kaɗan. Ƙwas-ƙwas haka."

"Ba na so."

(Ba na son ƙara a bayana. An taɓa bina da gudu a daji, an ƙona mini mota ina kallo daga cikin ciyawa. Wanda ya ga irin wannan zai gane, wanda bai gani ba Allah ya sa kada ya gani.)

Sande ya ɗaga kafaɗa, ya yi mini yadda na ce. Sakatar ta shiga raminta cif, ko allura ba za ta ratsa ba. Na sa aka shafa baƙin fenti. Mako uku ina yawo da ita a tasha, direbobi suna zuwa suna ƙwanƙwasawa suna jinjina kai, ni kuma ina tsaye kamar ni na ƙera jirgin ƙasa.

Sai Baba Dogara ya rasu. Tsohon manomin citta ne a wani ƙauye bayan Nok, shekara da shekaru ni nake ɗaukar masa kaya. Lokacin wani rikici shi ya ɓoye ni a rumbunsa kwana biyu, bai tambaye ni addinina ba, ya san shi. Don haka da ɗansa Ishaya ya zo ya ce ruwa ya cinye hanya, motar asibiti ta ce ba za ta shiga ba, ban bari ya gama magana ba. Na wanke motar, na shimfiɗa tabarma sabuwa.

Akwai abin da ya kamata ku sani. Da ciwon ajalinsa ya yi tsanani, tsohon ya ce a bar shi ya mutu a ɗakinsa. Ishaya ya ƙi, ya ɗauko shi ya kawo asibiti a Kafanchan, a nan kuma ya cika. Ƙanin marigayin, Baba Gambo, bai yafe wannan ba. Har ana raɗe-raɗin wai Ishaya gonar cittar yake hange, shi ya sa ya raba tsoho da 'yan'uwansa. Ishaya malamin firamare ne, mutum mai sanyi. Ni na san ƙarya ce.

Da safe muka ɗauko akwatin gawar daga mutuwaren asibiti, muka sa a mota. Sakata ta zare lafiya, ta koma lafiya. Muka kama hanya. Awa uku muna fama da taɓo, muka iso wajen azahar, hadari ya riga ya fara haɗuwa ta gabas.

Ƙauyen gaba ɗaya yana ƙofar gida. Matan zumunta cikin zanensu iri ɗaya suna buga tulu suna waƙa, fasto da Littafi a hammata, an haƙa kabari a bayan gida tun safe. Mutane sun cika fili, sai na raɓa gefe na tsaya inda na samu wuri. Tayar baya ta dama ta hau kan kunyar gona, ta gaba ta hagu ta faɗa ramin da ruwa ya zaizaye. Ban kula ba. Ina ta ƙoƙarin in sauko da fuskar mutunci.

Samari shida suka jeru a bayan motar don ɗaukar akwati. Na zo na kama sakata na ja.

Ba ta motsa ba.

Na sake ja. Na sa hannu biyu. Na sa ƙafa a jikin bamba na ja har jijiyar wuyana ta miƙe. Kamar an yi mata walda. Matan suka kai ƙarshen waƙa, suka dubi juna, suka sake ta daga farko. Na ɗauko sifana na ɗana, sifanar ta lanƙwashe. Na ɗauko guduma, na buga sau biyu, sai na ji yadda ƙarar take shiga cikin motar inda tsohon yake kwance. Na kasa bugu na uku.

Wani ya ce a fitar da akwatin ta ƙofar gefe. Aka gwada da ido kawai, kowa ya ga ba zai juyu ba. Waƙa ta mutu. Iska ta fara kaɗa rumfa. Wani daga bayan gida ya ce in ruwan nan ya sauko kabari zai cika.

Daga cikin mata na ji wata ta ce, ba da ƙarfi ba, "Baba ya ƙi fita."

Maganar ta zaga filin nan da nan. Baba Gambo ya ratso mutane da sandarsa ya tsaya a gabana. Gajere ne, idonsa ja.

"Direba, ƙofan nan ya taɓa yi maka haka?"

"Bai taɓa ba."

"Da safe ya buɗe?"

"Ya buɗe."

"To ƙarfen ya lalace ne?"

A nan ne. Maganar Sande ta faɗo mini tun a bugun guduma na farko. Ban san takamaiman abin da ya cije ba, amma na san daga aikina ne, ba daga matacce ba. Na dubi samarin nan shida, na dubi taron. Ni kaɗai ne baƙo a wurin, kuma ni na kulle musu uba a cikin mota. Tsoro ya kama ni, girman kai ya taya shi.

Na ce, "Ƙarfena lafiya lau yake."

Baba Gambo ya juya kan Ishaya. Ya koma yarensu, amma na daɗe a ƙasar, ina tsintar abin da ya ishe ni. Ya ce tsoho ya roƙa a bar shi a ɗakinsa an ƙi, yanzu ga shi an kawo shi ƙofar gidan ya ƙi shiga. Ya ce kowa ya gani da idonsa. Ya ce yaron ya durƙusa a bayan motar nan ya faɗi abin da ya yi wa ubansa, ya nemi gafara a gaban jama'a.

Fasto ya ɗaga hannu. "Baba, wannan ba koyarwar Littafi ba ne. Wanda ya yi barci cikin Ubangiji ba ya riƙe ƙofa."

"To Fasto, ka buɗe mana da addu'a," in ji Baba Gambo. "Muna jira."

Ba wanda ya yi dariya. Matar Ishaya ta fara kuka. Wasu samari suka matso kusa da shi, ba don su taimake shi ba. Shi kuwa yana tsaye cikin fararen kayansa, yana cewa, "Asibiti kawai na kai shi. Asibiti kawai." Ni ina jingine da mota, guduma a hannu, ina kallon ƙasa.

Sai na ji an taɓa gwiwar hannuna. Mama Kande ce, wata tsohuwa da ta yi rayuwarta tana loda buhunan citta a manyan motoci. Bayanta ya ranƙwafa, bakinta bai ranƙwafa ba. Ta yi ƙasa da murya.

"Direba, motanka ya tsaya a karkace. Motan citta ma in ya hau kunya haka, ƙofan baya ba ya buɗuwa. Sai an sauke shi a wuri mai daidai." Ta ɗago ta dube ni. "Kai ma ka san ba Baba ba ne. Na ga fuskanka."

Na dubi tayoyin. Ɗaya a sama, ɗaya a rami. Jikin motar ya murɗe, ya matse sakatar da na hana a bar mata wuri. In na matsa taku biyar gaba, shi ke nan.

Ga abin da ya fi ba ni kunya, kuma zan faɗe shi. Na yi lissafi. Na ce a raina, in na bari yaron ya durƙusa ya yi roƙonsa, sai in ce bari in gyara tsayuwa, in matsa gaba, ƙofa ta buɗe. Kowa zai ce Baba ya yafe. A binne shi, in koma gida da mutuncina da na bambata. Ishaya kuwa har ya mutu sunansa wanda gawar ubansa ta ƙi. Na san haka, kuma na tsaya ina auna abin. Ban san tsawon lokacin ba. Ya kai a sha ruwa a ajiye kofi.

Ishaya ya tattare wandonsa, ya fara lanƙwasa gwiwa.

Na yar da guduma na cafko wuyan rigarsa ta baya, na ɗaga shi kamar buhu. "Kada ka durƙusa."

Na juya na fuskanci taron.

"Laifina ne. Ƙarfen ne. Ni na sa aka matse shi, mai walda ya hana ni na ƙi ji. Mota ta karkace, shi ya sa."

"Yanzu ka ce lafiya lau yake," in ji Baba Gambo.

"Ƙarya na yi."

Shekarata hamsin da wani abu, ban taɓa faɗin wannan kalma a kaina a gaban mutane ba. Wata mata ta ce, "Kai! Kai! Kai!" Wani saurayi ya ja tsaki mai tsawo.

Na shiga na tayar da mota, aka dare, na gangara tsakiyar fili. Na sauko, na kama sakatar da hannu biyu, na tattara duk ƙarfina na fizga, don har lokacin ban gama yarda ba. Ta zare kamar an shafa mata man shanu. Na tafi da baya na zauna daɓas cikin taɓo, hannun ƙarfen ya biyo ni da tayarsa ya wuce ta saman kaina da kaɗan. Hulata ta tafi. Ba wanda ya ɗaga ni, suna ta akwati. Daidai ne.

An sa shi a kabari ruwa yana fara ɗigowa.

Na ɗauka an gama. Ina shirin sulalewa sai ga Baba Gambo da dattawa huɗu. Ya ce bai gamsu ba. Ya ce wa ya sani ko tsohon ne ya ji tausayin ɗansa ya saki. Ya ce yanzu ba gawa a ciki, in mayar da motar kan kunyar nan yadda take ɗazu, a gani.

Na mayar. Cikin ruwan sama, jama'a a ƙarƙashin rumfa suna kallo. Baba Gambo ya ja sakata da kansa, ta ƙi. Na sauko da motar fili, ya ja, ta buɗe. Dattijo na biyu ya ce shi ma sai ya gwada. Na sake hawa, na sake sauka. Sau biyar, ga taɓo a gindin wandona, ba hula. A na huɗu matan zumunta sun fara ƙirga mini da tafi. Mama Kande tana zaune tana cin gyaɗa.

Daga ƙarshe Baba Gambo ya goge hannunsa a riga, ya ce, "Ƙarfe ne." Bai dubi Ishaya ba, amma ya faɗa da ƙarfi yadda kowa zai ji.

Da zan tafi Ishaya ya rako ni har mota. Ya kawo mini hulata, an wanke ta. Ya yi godiya, ya ce Allah ya saka. Sannan ya tsaya riƙe da ƙofa, ya ce, "Baba direba, da Mama Kande ba ta zo ba fa?"

Na ɗora hulata na tayar da mota. Har yau tambayar nan tana bina.

Abin da na koya ba shi da yawa. Duk inda zan tsaya yanzu, sai na leƙa na ga inda tayoyina huɗu suka sauka. In kuma wani abu ya cije aka tambaye ni ko daga motata ne, ina cewa e tun kafin a rufe baki. Ko da wata rana gawa ce ta ƙi fita da gaske, gara a zagi ƙarfena.