Gwabzawar Malam Haladu da Notin Salansa

Da sunan Allah ake buɗe kowane littafi, sa'an nan a ambaci asali, domin ba a yabon takobi a manta da maƙerinsa. Wannan shi ne tarihin Malam Haladu ɗan Mantau, ɗan Gagare Sarkin Maƙera, ɗan Barmo mai uwar maƙera bakwai, wanda aka ce ƙarfe in ya ji takunsa daga zaure sai ya soma laushi tun ba a hura wuta ba. Zuriyar da ta ƙera wa ƙasar Funtuwa garma da lauje da mashi tun ana ciniki da wuri. Shi kuwa Malam Haladu, ginshiƙin Lungun Maƙera, ma'abocin rawani da tabarau, toron giwa mai tafiya da fayil a hammata, bai taɓa ɗaga guduma ba tun da uwarsa ta haife shi. Shekara talatin da biyar ya yi yana magatakarda a kotu, makaminsa biro, har ya yi ritaya.

Ingarman wannan sadauki wata Besfa ce, shuɗiya a zamanin ƙuruciyarta, wadda ya gada daga mahaifinsa. A kanta aka kai shi ɗaurin aurensa, a kanta ya kai matarsa asibiti haihuwar fari, kuma yana sonta so na gaskiya, irin wanda dattijo ba ya faɗa a majalisa. Aibinta ɗaya ne. Noti biyu ke riƙe salansa a jikin inji. Ɗaya ya gudu daga fagen fama a hanyar Bakori shekara goma sha ɗaya da suka wuce, ɗayan ya tsaya a karkace, tsatsa ta naɗa shi sarki. Tun daga ranar, in Malam ya tayar da ita, kaji sukan haura katanga, jarirai su farka da kuka, mai shayin bakin titi ya dafe kofunansa.

Aka yi ta haƙuri har magana ta kai ga Uwani, babbar 'yarsa, nas a asibitin gari, wadda ta ci sunan mahaifiyarsa, don haka ba ya iya yi mata musu. Ranar Laraba ta zo ta yanke hukunci a tsaye, ko tabarma ba ta hau ba.

"Baba, zan dawo ranar Asabar bayan la'asar. In na tarar da ƙarar nan, wallahi 'yan gwangwan zan kira su auna ta a sikeli."

Aka ba Malam shawara ya kai Besfar gareji, ya ce jikan Gagare ba ya kai ƙarar ƙarfe wurin baƙo.

Da hantsin Asabar aka buga tambarin yaƙi. Sadauki ya tuɓe babbar riga ya rataye a reshen dalbejiya, ya kwantar da Besfa a kan tabarma a ƙofar gida, ya jera rundunarsa sahu-sahu: sifana ta aro a gaba, filaya a dama da ita, gudumar kakansa a baya tana jiran umarni, sai gwangwanin kananzir da na baƙin mai a matsayin masu ba mayaƙa ruwa. Dattawan majalisa suka jawo benci suka kafa sansani a inuwa, don su zama shaidu ga na baya.

A nan ya wajaba mai tarihi ya bayyana wata ɗabi'a ta gwarzonmu. Malam Haladu mutumin dama ne. Da dama yake ci, da dama yake sa takalmi, da ita yake shiga masallaci, ko canji aka miƙo masa da hagu sai ya mayar an sake. Ɗabi'a ce mai kyau, ba mai musun haka. Sai dai da ya ɗora sifana a kan notin nan da yake so ya kwance, ya yi bisimilla, ko kokwanto bai yi ba ya murɗa dama.

Noti ya ƙi motsi. Aka shayar da shi kananzir, aka kai farmaki na biyu, ya ƙara kafewa. Wani dattijo daga kan benci ya yi gyaran murya ya ce, "Malam, anya ba ta hagu ake yi ba?"

"Hagu? Ni da ko wando ban taɓa farawa da ita ba?"

Sai ya zura bakin sifana cikin wani dogon bututun ƙarfe don ƙarin ƙarfi, ya kafa ƙafa a jikin taya, jijiyoyin wuyansa suka miƙe, tabarau ya zamo kan hanci, ya yi kururuwar da ba a ji irinta a lungun ba tun zamanin Barmo: "Sai ni jikan Gagare! Ƙarfe, ka san gidanmu!"

Ƙas! Sadauki ya tafi da baya ya zauna daɓas cikin baƙin mai, amma ya miƙe da kan abokin gaba a tafin hannunsa, ya ɗaga shi sama, majalisa ta ɗauki tafi da barka. Ana cikin murnar fatahi wani ya leƙa ya ga kan noti kaɗai aka sare. Gangar jikinsa tana nan cikin inji, ta shige ganuwa ta rufe ƙofa, ba abin da ya leƙo sai ɗan guntu kamar ƙwayar gyaɗa.

Daga nan yaƙi ya koma kewaye birni. Filaya ta kai hari sau tara tana zamewa. Gudumar Gagare ta fito da alfarmarta, ta auna maƙiyi, ta sauka a kan babban yatsan jikan maigidanta. Aka yi azahar, aka dawo, rana ta karkata. Sai ga wani mai sayen gwangwan ya ratso lungun da baro, ya tsaya yana duban Besfa yadda mahauci ke duban sa. A nan ne tsoro na gaske ya kama Malam Haladu, har idonsa ya kawo ruwa, ya ce hayaƙin kananzir ne.

Da wuya ta yi wuya, aka aika neman gudummawa wurin Tanimu mai walda, taubashinsa, ɗan gwaggonsa, wanda Malam ya shekara sittin yana kira bawa. Tanimu ya iso da injin walda da ɗan janareta, ya tsuguna, ya dubi karayar notin, ya dubi Malam.

"Ranka ya daɗe, ubangidana, ta ina ka murɗa?"

"Ta dama mana, kamar kowane abin kirki."

Tanimu ya yi dariya har ya kwanta a ƙasa. "To ai ɗaure shi ka wuni kana yi! Dama ɗauri, hagu kwancewa. Noti bai yi karatu wurin kowa ba, Malam."

Ya ɗora sabon noti a kan guntun, ya ɗiga masa walda suka zama ɗaya, ya bari ya huce, ya zuba mai. Sa'an nan don mugunta irin ta taubashi ya miƙa wa Malam sifana a gaban jama'a. Gwarzon ya kau da kai gabas, ya riƙe ta da hannun dama, ya murɗa hagu. Maƙiyin da ya gagari runduna tun hantsi ya biyo shi salin-alin, ƙarshensa ma da yatsa biyu aka zaro shi. Da aka zo ɗaura sababbi kuwa, Malam ya murɗa dama da ƙarfinsa yana cewa, "Ka gani, bawa? Ƙarshen al'amari dai dama ce."

Bayan la'asar Uwani ta iso. Malam, da rawani a kai da tsumma a yatsa, ya hau ingarma ya tayar da ita, ta amsa a hankali cikin ladabi, ko kazar da ke gindin katanga ba ta ɗaga kai ba. Ya ja ta zuwa bakin titi ya juyo, ƙirji a gaba. A cikin wannan sabon shiru ne Lungun Maƙera ya ji abin da rurin salansa ya rufa wa asiri shekara goma sha ɗaya: tayar gaba tana ƙiii, ƙarƙashin kujera yana kwaram-kwaram, birki yana kuka, wani abu kuma can cikin inji yana ƙwas-ƙwas wanda ko Tanimu bai san sunansa ba.

Uwani ta saurara har ya tsaya a gabanta.

"Salansa kam ta yi shiru, Baba, sannu da ƙoƙari. Waɗannan huɗun kuma fa?"

"Waɗanne?"

"Zan dawo Asabar mai zuwa."

Ta juya ta tafi. Majalisa ta ɗauke benci. Malam Haladu ɗan Mantau ɗan Gagare ya daɗe yana duban sababbin notinan nan biyu suna ƙyalli, sa'an nan ya matso kusa da taubashinsa ya rage murya.

"Bawa, in mutum yana so ya ɗan sassauta su kaɗan, ta ina ka ce ake murɗawa?"