Ranar da na binne jarabawar ƙanena

Ba zan taɓa mantawa da wata Laraba ba, kuma ko na so in manta, mutanen Sabon Gari ba za su bar ni ba.

Ni tela ne, karatun lakwal ɗina bai wuce aji shida ba, kuma Allah ya yi ni da waswasi. Ni ne mai sake alwala don ina shakkar ko ruwa ya kai gwiwar hannu, ni ne mai dawowa daga bakin kasuwa in jijjiga kwaɗon da na san na rufe. Ƙanena Sani shi ya kwashe karatun gidanmu. Ya zama likita, bai ƙoshi ba, ya tafi Dakar ƙaro ilimi a kan cututtukan yara. Shi aikinsa a cikin tsoka yake neman cutar, ta madubin nan mai mayar da ƙwayar gero kamar kabewa.

Ana gab da jarabawarsa ta ƙarshe ya zo Maraɗi ganin gida, da wani ɗan akwatin katako. Ya buɗe mini, sai ga 'yan gilasai sirara a jere, kowane da ɗigon launi ja-ja da shuɗi.

"Mine ne wannan, kamar an ɗiga galura?"

"Tsoka ce, Yaya. Idan yaro yana da kumburi, a kan ɗebi kaɗan, a yanka siriri fiye da ɓawon albasa, a rina, mu duba mu faɗa wa likitansa irin cutar. Malamina ya ara mini. A kansu za a tambaye ni, kuma da hannuna zan mayar masa. Ajiye mini, zan je Tsibiri gaida Gwaggo."

Ya ɗora akwatin bisa kwabata, a ɗakin da nake nafila, ya fita.

Tsokar 'ya'yan mutane! Mu da ko farce muka yanke sai mun tona mun binne, gashin askin suna ma ba a barinsa a fili, balle cibiya. Na ta da salla, akwatin yana kallona. Na kira Sani, waya ba ta shiga. Sai na nufi wurin limamin unguwa.

"Allah shi gafarta Malam, idan mutum yana da sassan jikin yara a ɗakinsa, mi ya kamata ya yi?"

Malam ya ajiye carbi, ya ɗan ja baya. "Yara nawa, Malam Habu?"

"Ban ƙirga ba, amma suna da yawa."

(Da na fara da cewa ƙanena likita ne, da na rage wa dattijon nan zufa.) Da ya fahimci kaɗan, ya ce abin da aka yanke daga jikin ɗan Adam binnewa ake yi, ba salla, ba taro. Ya ƙara da cewa in jira mai kayan. Wannan ƙarshen ne kunnena bai ɗauka ba. Na auna jarabawar Dakar da ta kabari, na ga ceton ƙanena zan yi.

Tun da tela ne ni, farin yadi bai yi mini wuya ba. Na naɗe akwatin, na fesa turare, na tona rami gindin dalbejiyar bayan gida, na daidaita alƙibla, na rufe, har da yayyafa ruwa. Matata Hadiza tana ta faɗin, "Malam, ka bari Sani ya dawo," ina ce mata wannan ba sha'anin mata ba ne.

Ashe maƙwabciyarmu Hajiya Rabi tana shanya bisa katanga, ta hango ni rungume da ɗan farin ƙunshi ina share ƙwalla (turaren ne ya shiga mini ido). Ta sa salati. Kafin la'asar an shimfiɗa tabarmi a ƙofar gidana, mata suna shiga da kwanonin fura, surukina ya taso tun daga Jiratawa. Kowa ya ce "Allah shi ba da haƙuri", ni kuma in ce amin, don ina tsoron ƙin amsa addu'a.

Ana haka kabu-kabu ya sauke Sani. Ya ga taro, ya yar da jakarsa, ya riƙe hannuna.

"Yaya, wa ya rasu?"

"Ba kowa. Akwatinka ne na yi wa sutura."

Har tsohon da ke jan fatiha ya tsaya a tsakiya.

"Yaya," in ji Sani, a hankali kamar mai lallashin mara lafiya, "yawancin yaran nan suna raye. An gano cutarsu, an yi musu magani, wasu yanzu haka suna lakwal."

Daga bayan tabarma wani ya ce, "To Malam Habu, da ransu ka binne su ke nan?"

Gaban jama'ar da ta zo yi mini ta'aziyya na ɗauki fartanya na tone kabarin da na gina da hannuna, ina lallaɓawa kada in ji ƙarar gilashi. Sani ya warware likkafanin, ya ɗaga gilasan ɗaya bayan ɗaya yana dubawa a hasken rana. Ko ɗaya bai fashe ba, ruwa ma bai ratsa ba, don yadin na naɗa shi ninki-ninki saboda waswasi. Furar ta'aziyya a nan aka shanye ta ana dariya, ni kaɗai ban sha ba.

Sani ya ci jarabawarsa, yanzu yana can yana leƙa madubinsa. Ni kuwa har gobe idan na sayi farin yadi a kasuwa sai mai shagon ya tambaye ni, "Na riga ne, ko an samu wani akwatin?"

Abin da na koya: idan malam ya ba ka fatawa, ka saurara har ƙarshenta. Kuma in har sai ka yi abin kirki da gaggawa, fara duba ko Hajiya Rabi tana shanya.